Satar Fasaha a Intanet: Matsayinta a Dokar Najeriya da Haɗarinta ga Sirrin Iyali

Satar fasaha ita ce kwafa, ko rarrabawa, ko sayar da aikin da wani ya ƙirƙira, kamar fim da waƙa da littafi da manhajar kwamfuta, ba tare da izinin mai shi ba. A da sana'a ce ta masu jari, domin tana buƙatar na'urorin buga kaset da faifai, da shago, da 'yan talla. A yau wayar hannu ɗaya da 'yar data kaɗan sun wadatar. Wannan sauyi ne ya shigar da lamarin cikin gidaje, ya kuma haifar da tambayoyi biyu da suka shafi kowane magidanci: shin wanda ya sauke fim ko ya tura wa ɗan'uwansa ya karya doka? Kuma me yake bayarwa a madadin abin da aka ce masa kyauta ne?

Daga kaset zuwa waya

Alaƙar Hausawan Legas da kayan nishaɗin Arewa ta bi sawun fatauci ne. Tun da layin dogo ya isa Kano a shekarar 1911, tashar Iddo da ke maƙwabtaka da Oyingbo a yankin Ebute Metta ta zama mashigar mutane da kaya daga Arewa. Cinikin goro da na dabbobi ya zaunar da Hausawa a Agege, wasu kuma suka yi kaka-gida a Idi-Araba da Obalende da Mile 12 da Alaba Rago. Duk inda suka zauna, muryar gida na biye da su: kaset ɗin wa'azi da na karatun Alƙur'ani, waƙoƙin Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos, daga baya kuma finafinan Hausa.

Masana'antar finafinan Hausa ta bidiyo ta soma ne a Kano da fim ɗin Turmin Danya, wanda ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar a 1990. Kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiyar buga kaset da rarraba shi, kamar yadda Idumota ta kasance ga finafinan Kudu. Da zamanin faifan CD ya shigo, kasuwar Alaba da ke Ojo ta yi ƙaurin suna wajen buga kwafin sata, har ya zama sabon fim kan bayyana a hannun 'yan talla a cunkoson motocin Legas yana kan haskawa a sinima. Fim ɗin October 1 na Kunle Afolayan, wanda ya fito a 2014, yana cikin waɗanda suka gamu da wannan ta'asa.

Shigowar wayoyi masu ɗaukar katin ajiya ce ta karya kasuwar faifai gaba ɗaya, ta halal da ta sata. A madadinta aka samu 'yan downloading, wato masu tura finafinai da waƙoƙi daga kwamfuta zuwa waya a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Sana'ar ta bazu daga Kano zuwa duk wani zango da Hausawa suke, galibi a rumfa ɗaya da masu cajin waya. Ga ɗan dako a kasuwar Oyingbo ko mai shayi a Agege, wanda ya yi watanni bai ga gida ba, wannan rumfa ita ce sinimarsa.

Yadda take gudana a yau

Hanyoyin sun yawaita. Akwai shafukan intanet da ke ɗora finafinai don a kalla ko a sauke, suna samun kuɗinsu daga talla. Akwai zaurukan Telegram da WhatsApp inda ake watsa sababbin finafinai da littattafan marubutan Hausa, har da waɗanda marubuciya ta sayar wa mutum ɗaya a kan sharaɗin kada ya fitar. Akwai tashoshin YouTube da ke ɗauko shirin wani su ɗora a matsayin nasu. Akwai manhajojin kallon ƙwallon Turai ba tare da biyan kuɗin dikoda ba, da manhajojin kwamfuta da aka fasa makullinsu. Akwai kuma fassara finafinan ƙasashen waje zuwa Hausa, wadda doka ke ɗauka a matsayin sarrafa aikin wani, don haka tana buƙatar izinin mai shi.

Abin da doka ta tanada

Dokar da ke aiki a yanzu ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a ranar 17 ga Maris, 2023. Ta maye gurbin tsohuwar dokar da ta samo asali daga 1988, lokacin da ba a san intanet a gidaje ba. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ce ke aiwatar da ita, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumin sauraron ƙararrakin da suka shafe ta. Taƙaitaccen sunan hukumar, NCC, iri ɗaya ne da na Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, amma hukumomi biyu ne daban.

Haƙƙin mallaka yana tabbata da zarar an rubuta aiki ko an naɗe shi; ba sai an yi masa rajista ba. Ga littafi da waƙa, kariyar tana ɗorewa tsawon rayuwar mai aikin, da ƙarin shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da ya rasu. Ke nan rubuce-rubucen Abubakar Imam, wanda ya rasu a 1981, suna ƙarƙashin kariya har ƙarshen 2051, waƙoƙin Shata kuwa, wanda ya rasu a 1999, har ƙarshen 2069. Fim da naɗaɗɗen sauti suna da shekara 50 daga lokacin da aka fara fitar da su. Rasuwar mawaƙi ba ta mayar da aikinsa kayan kowa. Haƙƙin yana komawa ga magadansa ko ga wanda ya saya daga gare shi.

Hukunce-hukuncen sun fi na da tsanani. Buga kwafin sata don sayarwa na iya jawo tarar da ba ta gaza naira 10,000 a kan kowane kwafi ba, ko ɗaurin aƙalla shekara biyar, ko duka biyun. Ɗora aikin wani a intanet don kasuwanci ba da izini ba na iya jawo tarar aƙalla naira miliyan ɗaya, ko ɗaurin aƙalla shekara biyar, ko a haɗa wa mutum duka. Dokar ta haramta fasa makullin da aka sa don kare aiki. Ta ba mai haƙƙi damar aika sanarwa ga kamfanin da ke ɗauke da shafi domin a sauke abin da aka sata, ta tanadi dakatar da asusun wanda ya maimaita laifin, ta kuma ba hukumar ikon toshe shafin da ke keta haƙƙi. A watan Yulin 2025 hukumar, tare da ƙungiyar NiRA mai kula da adireshin intanet na Najeriya, ta sa aka dakatar da shafin MovieBox.ng.

Ta fuskar shari'ar Musulunci ma, Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disambar 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, kuma bai halatta a keta su ba.

Mai kallo da mai rarrabawa

Sassan dokar da suka yi maganar tara da ɗauri sun fi karkata ga mai bugawa, da mai sayarwa, da mai rarrabawa, da mai ɗorawa don neman kuɗi. Dokar ta kuma amince da amfani na adalci, wanda ya haɗa da amfanin kai, da nazari da binciken da ba na kasuwanci ba, da sharhi, da bayar da labari. Sai dai wannan rangwame ba buɗaɗɗiyar ƙofa ba ce. Kotu takan auna manufar amfanin, da irin aikin, da yawan abin da aka ɗauka, da kuma illar da hakan ya yi wa kasuwar mai aikin. Cikakken fim da aka sauke daga shafin sata yana kan sayarwa da wuya ya tsallake ma'auni na ƙarshe.

Matsayin mutum yana sauyawa ne a daidai lokacin da ya danna tura. Wanda ya jefa littafi ko fim a zauren da ke da ɗaruruwan mutane ya zama mai rarrabawa, kuma ko bai karɓi ko sisi ba, mai haƙƙi na iya kai ƙararsa ya nemi diyya. Haka nan mai amfani da tsarin torrent: yayin da yake saukewa, na'urarsa tana miƙa wa wasu gutsattsarin fim ɗin, kuma adireshinta na intanet a bayyane yake ga duk wanda ke cikin layin.

Farashin abin da aka ce kyauta ne

Hausawa na cewa banza ba ta kai zomo kasuwa. Gudanar da shafin finafinai yana cin kuɗi, kuma wanda bai karɓi kuɗin mai kallo ba yana fanshewa ta wata hanya. Mafi sauƙinta ita ce talla: caca, da bashin gaggawa, da hotunan batsa, waɗanda kan faɗo kan allo ba tare da la'akari da shekarun mai riƙe da wayar ba. Mafi muninta ita ce manhajar da ake saukewa daga wajen rumbun Google Play ko App Store, wadda ba wanda ya tantance abin da ke cikinta.

Irin wannan manhaja takan nemi izinin ganin lambobin waya, da saƙonni, da hotuna, da wurin da mutum yake. Manhajar kallon fim ba ta da wata buƙata da saƙonnin tes, amma ta nan ne banki ke aiko da lambar sirri ta amincewa da fitar kuɗi. 'Yan Najeriya sun ga abin da izinin ganin lambobin waya ke iya haifarwa lokacin da wasu manhajojin bayar da bashi suka riƙa aika wa dangi da abokan mai bashi saƙonnin tozarci, har Hukumar FCCPC mai kare masu sayayya ta ɗauki mataki a kansu a 2022. Jabun WhatsApp irin su GB WhatsApp suna cikin wannan sahu: kamfanin WhatsApp bai amince da su ba, kuma yakan rufe asusun masu amfani da su.

Rumfar mai turi ma tana da nata haɗarin. Wayar da aka miƙa a buɗe aka jona da kwamfutar da ɗaruruwan wayoyi suka ratsa na iya kwaso cuta, kuma hotunan iyalin da ke cikinta suna hannun amanar wanda aka miƙa wa.

Masu zaton ba a ganinsu a intanet su ma suna kan kuskure. Tun daga Disambar 2020 aka wajabta haɗa kowane layin waya da lambar NIN, kuma Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta wajabta wa kamfanonin sadarwa adana bayanan masu hulɗa da su na tsawon shekara biyu. Manhajar VPN tana ɓoye adireshi daga shafin da aka ziyarta, amma tana miƙa duk zirga-zirgar mutum ga mai manhajar, kuma ba ta halatta abin da doka ta haramta.

Kariyar bayanan sirri

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar da sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da hirarsa ta waya. Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a ranar 12 ga Yuni, 2023, ta kafa Hukumar NDPC, ta kuma ba kowa haƙƙin sanin bayanan da ake riƙe da su a kansa, da neman a gyara su ko a goge su, da janye amincewarsa. Kamfanin da aka yi wa kutse mai haɗari ga jama'a dole ya sanar da hukumar cikin awa 72. Ga wanda bai kai shekara 18 ba, amincewar iyaye ko mariƙi ake buƙata.

Amma waɗannan haƙƙoƙi suna cin moriya ne a kan wanda ke da suna da adireshi. Shafin sata, wanda masu shi ke ɓoye kuma yake sauya adireshi duk lokacin da aka rufe shi, ba shi da ofishin da za a kai wa ƙorafi.

Abin da ya rage ga iyali

A gidaje da yawa a Agege da Oyingbo, kamar a Fagge ko Tudun Wada, waya ɗaya ce ke aikin banki, da ajiyar hotuna, da karatun yara, da nishaɗin dare. Da ita maigida ke tura kuɗin cefane gida Arewa, ita kuma ake miƙa wa yaro don ya yi shiru. Saboda haka matakan kariya na kowa ne a gidan: a taƙaita sauke manhaja ga rumbunan da aka sani, a duba izinin da kowace manhaja ta karɓa a soke wanda bai dace ba, a sa wa manhajar banki makulli na daban, a kai wa mai turi katin ajiya maimakon wayar kanta, a kuma kunna tsarin kulawar iyaye irin su Family Link a wayar da yara ke taɓawa.

Halattattun hanyoyin kallo ma sun samu. Tashar Arewa24 tana watsa shirye-shiryen Hausa tun 2014, an samar da manhajar Northflix don sayar da kallon finafinan Kannywood, kuma masu shirya finafinai masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So suna ɗora su a tashoshinsu na YouTube, inda kowane kallo ke kawo musu kuɗin talla. Bambancin kallon shiri a tashar mai shi da kallonsa a tashar ɓarawo bai wuce duba sunan tashar ba, amma shi ne ke yanke ko marubuci da mai ɗaukar hoto da jarumi za su samu abin sawa a bakin salati, su kuma iya shirya zango na gaba.