Taimin famfon dizil: Abin da matsar da shi gaba ke yi wa injin a-kori-kura

Unguwar Al Warsan tana gabashin birnin Dubai na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, daura da rukunin gidajen International City da kasuwar Dragon Mart wadda fataken Kano da Maraɗi suka sani sarai. A unguwar akwai ɗaya daga cikin cibiyoyin Tasjeel, inda ake duba lafiyar motoci kafin a sabunta musu takardu. A dokar Dubai, motar da ta haura shekara uku sai an gwada ta duk shekara, kuma hayaƙin da ke fita daga salansa yana cikin abin da ake dubawa.

Tafiyar 'yan mintuna daga nan kasuwar motoci ta Al Aweer take, tare da yankin DUCAMZ da aka buɗe a 2000 domin fitar da motocin hannu zuwa ƙetare. Daga waɗannan kasuwanni ake loda a-kori-kura ƙirar Hilux da Land Cruiser zuwa Afirka, wasunsu su sauka a Kwatano ko Legas, su ƙare a hanyoyin Sakkwato da Agadas.

Mai motar da ke fargabar faɗuwa gwaji a Al Warsan da ɗan kasuwar da ya sayi irinta ya kai gida, duka sukan ji shawara iri ɗaya a gareji idan inji ya fara kasala ko hayaƙi: a ƙara masa taimin. Aikin ba ya ɗaukar lokaci mai tsawo, amma kuskuren da bai kai milimita ɗaya ba yana iya jawo sauke inji gaba ɗaya.

Mene ne taimin?

Injin dizil ba shi da fulogin da ke ba da wuta kamar na fetur. Fistin ne ke matse iska a cikin silinda har zafinta ya haura digiri 500 a ma'aunin Salshiyas, sannan nozul ya fesa mai, ya kama da kansa. A injin 1HZ na Land Cruiser, mai silinda shida da girman lita 4.2, wanda Toyota ya fara fitarwa a 1990, ana matse iskar ninki kusan 22.

Sai dai man ba ya kamawa nan take. Yana buƙatar ɗan lokaci ya tarwatse, ya zama tururi, ya gauraya da iska. Wannan jinkiri yakan kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, wani lokaci ya ɗara haka. Ga ido ba komai ba ne, amma a injin da ke juyawa sau 3,000 a minti, karanshaf yana cin digiri 18 na da'ira a cikin wannan ɗan lokaci.

Saboda haka dole fesawa ta dace da isowar fistin ƙololuwar tafiyarsa, yadda ƙarfin konewar zai same shi daidai lokacin da ya fara saukowa. Wannan daidaito shi makanikai ke kira taimin. Matsar da shi gaba yana nufin a sa famfo ya tura mai da wuri fiye da yadda yake yi a da.

Waɗanne motoci ake iya yi wa?

Kamfanin Bosch na Jamus ne ya fara ƙera famfon dizil da yawa domin kasuwa a 1927. A tsakiyar shekarun 1970 ya fito da samfurin VE, ƙaramin famfo mai sanda guda da ke matsa mai tana kuma rarraba shi ga kowace silinda bi da bi. Kamfanin Denso na Japan ya ƙera irinsa, kuma shi ne a jikin injin 1HZ da tsofaffin injinan Hilux irin su 2L da 3L. A garejojin Najeriya injekta ake ce masa. Irin wannan famfo ake iya kwance wa notuna a juya shi da hannu.

Sababbin motoci lamarinsu daban ne. A 1995 Denso ya fito da tsarin bututun tara mai guda ɗaya a manyan motocin Hino, sannan a 1997 tsarin ya shiga ƙananan motoci ta Alfa Romeo 156. A Hilux masu injin 2KD, da masu 1GD ko 2GD da suka fito a 2015, aikin famfo shi ne tara matsi kawai, kwamfutar mota ce ke yanke lokacin fesawa. Juya famfon irin waɗannan motoci ba ya ƙara taimin. Sai an sauya manhajar kwamfutar, wanda aiki ne na daban mai nasa haɗarin.

Riba da hasara

Idan taimin ya yi baya, man yana ci gaba da konewa bayan fistin ya yi nisa da saukowa. Mota takan yi wuyar tashi da safe, ta fitar da farin hayaƙi mai warin ɗanyen mai, ta rasa ƙarfi a hawa, ta ƙara shan mai. Zafin da ya kamata ya zama aiki sai ya bi ta salansa. A irin wannan hali, matsar da taimin gaba gyara ne na gaskiya, domin yana mayar wa inji abin da ya rasa.

Idan kuwa taimin yana daidai aka ƙara, lissafin ya sauya. Ƙari kaɗan yakan sa mota ta ɗan ƙara kuzari, hayaƙi ya ɗan ragu, shi ya sa direbobi ke son sa. Amma matsin cikin silinda yana hauhawa, ƙarar inji ta koma kamar ana bugun ƙarfe da guduma. Idan ƙarin ya yi yawa, konewa takan fara yi wa fistin turjiya tun yana kan hawa. Wannan dukan yana sauka a kan gasket ɗin kan inji, da fistin da zobbansa, da mital ɗin karanshaf. Ɓarnar ba ta bayyana ranar da aka yi aikin. Takan jira ranar da aka yi wa motar lodi mai nauyi a tsakiyar zafi, ko a Dubai inda zafin bazara ke haura digiri 40, ko a rairayin hanyar Agadas.

Akwai kuma hasarar da ido ba ya gani. Konewa da wuri tana ƙara zafin wutar cikin silinda, zafin kuma yana haifar da iskar naitirojin oksayid mai cutar da huhu. Injiniyoyi sun daɗe da sanin wannan ciniki: a matsa gaba, baƙin hayaƙi ya ragu, wannan iska ta ƙaru; a ja baya, akasin haka ya faru. Kan wannan iska ce badaƙalar kamfanin Volkswagen ta tashi a Amurka a 2015. Tun a 2012 ma hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizil cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar ga ɗan'adam.

Yadda ake aunawa

Makanikai da yawa da kunne suke saita taimin: su sassauta notuna inji na aiki, su juya famfo har sai ƙarar ta yi musu daɗi. Kunne kuwa ba ya rarrabe tazarar da ake magana a kai. Famfo yana juyawa ne da rabin gudun inji, don haka digiri ɗaya a jikin famfo digiri biyu ne a karanshaf.

Hanyar da masu ƙera motocin suka tsara tana buƙatar agogon awo mai allura, wanda ke nuna kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, kuma inji a kashe ake yin ta. Ana kawo fistin na ɗaya ƙololuwa bisa alamar da ke jikin fulin karanshaf. A kwance notin da ke bayan famfo, a tsakiyar bututun mai, a ɗaura agogon a gurbinsa. Daga nan a juya inji baya a hankali har allura ta daina motsi, a mayar da ita sifiri, sannan a dawo gaba zuwa alamar farko. Abin da allura ta nuna shi ne nisan da sandar famfo ta yi, kuma a yawancin waɗannan injina yana kusa da milimita ɗaya.

Ainihin adadin yana bambanta daga inji zuwa inji, har ma tsakanin shekarun ƙira, don haka littafin gyara na wannan injin ne abin dogaro. Idan awon ya gaza, sai a sassauta notunan famfo da bakin bututun nozul, a karkata shi kishiyar inda sandarsa ke juyawa, a ɗaure, a sake aunawa. Famfon da ke da na'urar ƙara taimin lokacin sanyi sai an dakatar da ita kafin awo, in ba haka ba agogo zai ba da lamba marar gaskiya. Yana da kyau a ja layi a jikin famfo da mazauninsa kafin a taɓa komai, domin a san inda za a koma.

Abin da ya kamata a duba tukuna

Sau da yawa laifin da ake ɗora wa taimin na wani wuri ne. A cikin famfon VE akwai ƙaramin fistin da ke ƙara taimin da kansa yayin da gudun inji ke ƙaruwa, kuma matsin man da ke cikin famfon ne ke tura shi. Idan filtar mai ta toshe, ko iska na shiga ta wani bututu da ya tsage, matsin yakan faɗi, taimin ya yi baya a kan gudu ko da saitin famfo daidai yake. Wanda ya juya famfo don maganin wannan ya bar ciwon yana nan, ya kuma ƙara wani.

Haka nan nozul da ya gaji yana buɗewa da wuri, yana tsiyayar da mai maimakon fesawa. Filtar iska da ƙurar hunturu ta cika tana jawo baƙin hayaƙi. Hitocin da suka mutu suna hana tashi da safe. A injinan Hilux na da, bel ɗin taimin ne ke juya famfo, kuma idan an ɗaura shi da kuskuren haƙori ɗaya, taimin ya kauce da digiri masu yawa.

Shi ma man yana da tasiri. Ana auna saurin kamawar dizil da lambar sitan: ƙa'idar Turai ba ta yarda da ƙasa da 51 ba, ta Amurka kuwa 40. Man da lambarsa ta yi ƙasa yana jinkirin kamawa, ya sa inji ƙara. Motar da aka saita da man Dubai tana iya sauya murya idan ta sha gas ɗin bumburutu da aka gauraya da kananzir. Illar gaurayen ta wuce ƙara, domin famfon VE ba shi da man shafawa na daban, da dizil ɗin da ke ratsa shi yake samun santsi, kananzir kuwa ba shi da wannan maiƙo.

Doka da ciniki

A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, mayar da famfo kan ma'aunin kamfani gyara ne na yau da kullum. Amma yi wa inji sauyi ba tare da izini ba laifi ne da ke jawo tara da tsare mota. Ga mai shirin shiga layin gwaji a Al Warsan, hanya mafi aminci ita ce filtoci masu tsabta, nozul da aka gwada, da taimin da ke kan lambar littafi.

Ga mai sayen a-kori-kura kuwa, a Al Aweer ne ko a Kano, akwai alamun da ke nuna an taɓa famfo. Kamfani yakan bar ɗan layi a jikin famfo da mazauninsa, sai a duba ko suna fuskantar juna. A duba kawunan notuna ko sifana ta cinye su. A nemi tayar da motar da sassafe tun inji na sanyi, a saurari ƙararta bayan ta ɗumama, domin mota mai taimin da ya wuce kima takan burge a gajeren gwaji. Kuɗin kiran makaniken da ke da agogon awo kafin a biya bai kai ko kusa da kuɗin gasket da fistin da za a je nema a Ƙofar Ruwa daga baya ba.