Wa ya buɗe ƙofar sufeton ƙwadago?

Bara, ƙarshen watan Yuni, ɗiyar ƙanwata ta shigo gidana a Maraɗi bayan la'asar, fuskarta ba walwala. Shekara uku ke nan tana karantar da ƙananan yara a wata lakwal mai zaman kanta. Ranar da aka sallami yara hutu, mai makarantar ya kira ta biro ya ce kada ta dawo a watan Oktoba, don ya samu wadda za ta karɓi ƙasa da abin da yake ba ta. Albashinta na Mayu da Yuni kuwa yana hannunsa. Ba takarda, ba sanarwa, da baki kawai ya sallame ta.

Ta ce, "Kawu, ni na bar shi da Allah."

Na ce, "Ɗiyata, da ke da shi da ni duk muna hannun Allah. Amma kin je wajen sufeton ƙwadago?"

Ta yi murmushin da ya fi kuka ciwo. "Kawu, wannan ai wurin manyan ma'aikata ne, masu kuɗin ɗaukar lauya."

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Na shekara talatin da ƴan kai ina riƙe da alli, kuma na san malamai da yawa haka suke zato. Da sun san yadda aka yi aka samu wannan biro, da ba su tsaya daga nesa suna leƙensa kamar gidan surukai ba.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana saurayi lokacin yaƙin duniya na biyu aka ɗebe shi aikin hanya. Yadda ya ba mu labari, kumandan ke aiko wa sarki cewa yana son mutum kaza, sarki ya raba wa masu gari, dogarai su bi gida gida. Guzurinka daga rumbunku za ka ɗebo, kuma ba ruwan kowa ko lokacin shuka ne. Ladan aiki babu. Turawan Faransa sun mai da wannan wani irin lanho da ake biya da ƙarfin jiki, kwanaki kaza kowace shekara. Wanda ya ƙi, akwai dokar da suka kira indigénat, wadda ta ba kumandan ikon ya ci ka tara ko ya kulle ka kwanaki ba tare da ka ga alƙali ba. Shi ya sa gidaje da yawa daga kudancin Maraɗi da Damagaram suka tattara suka ƙetara Katsina da Daura da Kano. A wancan zamani in an zalunce ka wajen aiki, hanyar da ta rage maka ita ce ƙafarka.

Sandika ma da farko ba na kowa ba ne. A 1937 Faransa ta yarda ma'aikatan Afirka ta Yamma su kafa ƙungiyoyinsu, amma da sharaɗin sai mutum ya iya karatu da rubutu da Faransanci, yana kuma da sartifika ta gama firamare ko makamanciyarta. Ku duba ku gani, mutum nawa ne a Nijar ta 1937 ke da wannan takarda? Lebura da mai dako, waɗanda suka fi kowa shan wuya, su aka bari a waje. Sai a 1944 aka sassauta, a shekarar nan ne kuma aka tsara aikin sufetocin ƙwadago na ƙasashen da Faransa ke mulka.

Bayan yaƙi abubuwa suka zo da sauri. Aka soke indigénat tsakanin ƙarshen 1945 da farkon 1946. A watan Janairun 1946 ma'aikatan Dakar suka yi yajin aikin gama gari na kwana goma sha biyu, suna cewa aiki ɗaya, lada ɗaya, ko kai baƙi ne ko Bature. Ranar 11 ga Afrilu 1946 aka sa hannu kan dokar da ta haramta aikin tilas, wadda ake kira da sunan Félix Houphouët-Boigny, ɗan majalisa daga Kodebuwa da ya gabatar da ita. Doka ce gajera ƙwarai, ba ta cika shafi guda ba, amma ita ta sa ba a sake zuwa ɗibar mahaifina ba.

Sai dai hana aikin tilas daban, tsara aikin lada daban. Ko bayan 1946 mai gida na iya korar ka da safe ba ko sisi, ba inda za ka kai kuka. A nan ne ma'aikatan jirgin ƙasa suka shigo. Ranar 10 ga Oktoba 1947 wajen mutum 20,000 suka ajiye aiki a layukan dogo huɗu na Afirka ta Yamma ta Faransa, ƙarƙashin jagorancin Ibrahima Sarr na Senegal. Abin dariya, kowane layi da "Niger" a sunansa: Dakar-Niger, Conakry-Niger, Abidjan-Niger, Bénin-Niger, alhali kogin ake nufi, ba wanda ya taɓa shigowa ƙasarmu; na Kwatano ma a Paraku ya tsaya. Abin da suke nema shi ne a zuba baƙi da Turawa cikin tsarin aiki guda, da matakan albashi guda, da haƙƙin gida da alawus iri guda. Na Abijan sun koma aiki a watan Janairu, amma na Senegal da Sudan ta Faransa, wato Mali ta yau, sun jure har 19 ga Maris 1948. Fiye da wata biyar ba albashi. Ƴan uwa na ƙauye da ƴan kasuwa da mata su suka riƙe gidajen. Ba su samu duk abin da suka nema ba, amma daga nan hukuma ta gane cewa ma'aikacin Afirka ba wanda za a lallasa da sanda kawai ba ne.

Dokar ƙwadago kanta ta sha jan ƙafa. Minista Marius Moutet ya fitar da ita a Oktoban 1947, masu kamfanoni suka yi ca, wanda ya gaje shi ya dakatar da ita. Daga nan ta yi shekaru tana kai da kawo tsakanin majalisun Paris, kowa na yanke mata gaɓa. Da sandikoki suka ga za a mayar musu da ƙashi ba nama, sai suka haɗu a Dakar suka sa rana. Ranar 3 ga Nuwamba 1952 aka yi yajin aiki na kwana guda a faɗin Afirka ta Yamma ta Faransa. Kafin watan ya ƙare majalisa ta amince, aka sa hannu ranar 15 ga Disamba 1952.

Wannan doka ita ce kakar wadda muke aiki da ita yau, kuma ya kamata kowane malami ya san abin da ta zo da shi. Ta ce ma'aikaci shi ne duk wanda ya sa aikinsa ƙarƙashin ikon wani don a biya shi, mace ko namiji, ko ɗan wace ƙasa ne. Ta sake haramta aikin tilas ƙwata ƙwata. Ta sa aiki awa 40 a mako, da hutun shekara da ake biya, da mafi ƙarancin albashi, da wa'adin sanarwa kafin kora, da wakilan ma'aikata a wurin aiki. Ta ce in aiki ɗaya ne da ƙwarewa ɗaya, albashi ɗaya ne, ba a duba asali ko jinsi ko shekaru. Kuma ta kafa kotunan ƙwadago, inda alƙali ke zama tare da wakilin masu ɗaukar aiki da wakilin ma'aikata, kuma shigar da ƙara kyauta ne. An yi haka da gangan, don an san wanda aka kora jiya ba shi da kuɗin shari'a yau.

Samun doka a takarda bai isa ba, nan da nan aka ga haka. Ga lissafin da na sha ba ƴan ajina: in kana aiki awa 48 a mako ana biyanka da awa, aka mayar da su 40, da kashi nawa ya kamata a ƙara kuɗin awa don abin da kake kai wa gida kada ya ragu? 48 a raba da 40, ya ba da 1.2, wato kashi 20 cikin 100. Hukuma ta so ta ba da ƙasa da haka. A kan wannan lissafi ma'aikatan Gini, da Sékou Touré a gabansu, suka yi fiye da wata biyu suna yajin aiki a 1953, daga Satumba zuwa Nuwamba, sai da aka ba da kashi 20 ɗin cif.

A nan gida, mutumin da ya fi kowa ɗaukar wannan kaya malamin lakwal ne irinmu. Djibo Bakary ya yi karatu a makarantar William Ponty ta Senegal, ya karantar, daga baya ya koma harkar sandika, yana haɗa kan masu aikin lambu da leburori da ƙananan ma'aikata, irin waɗanda sharaɗin 1937 ya bari a waje. Da ƙarfinsu ya zama zaɓaɓɓen magajin garin Yamai na farko a 1956. Abin da ya biyo baya tsakanin Sawaba da gwamnatin Diori Hamani, shi ma tsohon malami, labari ne mai ɗaci da ba na yau ba. Bayan ƴancin kai Nijar ta yi tata dokar ƙwadago a 1962, ta kafa asusun CNSS a 1965, ta sake dokar a 1996, sannan aka yi wadda ke aiki yanzu, mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012. An canza abubuwa da dama, amma ginshiƙan na 1952 ne.

Akwai gadon da ba na jin daɗinsa. Tun 1952 an auna dokar ne da ma'aikacin kamfani mai karɓar albashi a ƙarshen wata. Mai noma gonar gidansu ba ya ciki, kuma a aikace yawancin ƴan Nijar, da yaran shago da ƴan aikin gida da masu koyon sana'a a garaji, suna aiki ne inda ba takarda ko ɗaya, ko da yake da yawansu ma'aikata ne a idon doka. Ma'aikacin gwamnati na dindindin shi ma ba ya ƙarƙashinta, yana da tasa dokar ta aikin gwamnati. In an zalunce shi, ta wajen shugabanninsa zai fara, da sandikarsa, sannan kotun da ke sauraren ƙarar hukuma. Malamai ƴan kwantiragi kuwa, waɗanda aka fara ɗauka ƙarshen shekarun 1990 da sunan ƴan sa kai, sun tsaya a tsakiya, ko abin da ake ba su ba a ce masa albashi, pekil ake cewa. Amma malamin lakwal mai zaman kanta, da mai gadinta, da mai shararta, duk dokar ƙwadago ta rufe su. Iyaye ma su sani, don kuɗinsu ne ake biyan waɗannan mutane da shi, kuma malamar da ake riƙe wa albashi ita ce ke tsaye gaban yaransu da safe.

To, mu koma kan ɗiyar ƙanwata. Abin da ya fi tsorata ta shi ne ba ta da kwantiragi a rubuce. Na gaya mata rashin takarda ba ya share aikin da aka yi, doka ta yarda a tabbatar da shi ta kowace hanya. Muka zauna muka tattara abin da ke hannunta: littafin darasi mai ɗauke da sa hannun darakta, jadawalin aji mai sunanta, saƙonnin waya inda mai makarantar ke cewa ta yi haƙuri zuwa ƙarshen wata, da hoton rajistar da suke sa hannu in an biya su, wanda wata abokiyar aikinta ta ɗauka. Ta rubuta koke shafi guda, ta faɗi ranar da ta fara aiki, da abin da ake biyanta, da ranar da aka sallame ta, da abin da take bi. Na matsa mata ta yi sauri, don neman albashin da aka riƙe yana da wa'adi a doka, in ya wuce an yi asara.

Sufeto ba alƙali ba ne, sulhu yake fara nema. Yana kiran ɓangarorin biyu, ya ji kowa, ya lissafa abin da doka ta ba ma'aikaci. In an daidaita, a rubuta a sa hannu, takardar ta zama hujja. In ba a daidaita ba, shi ma a rubuta, da wannan takarda ake wucewa kotun ƙwadago.

Kiran farko mai makarantar bai zo ba. Na biyu ya zo da wani dattijo, yana ta maganar zumunci da cewa bai kamata a kai juna hukuma ba. Sufeto ya saurare shi har ya gama, sannan ya tambaye shi rajistar biyan albashi da lambar CNSS ta malamar. A nan ne muka gane cewa shekara uku ba a taɓa zuba mata ko dala a asusun ba. Albashinta ma da kaɗan ya ɗara mafi ƙarancin da doka ta sa, wanda ya tashi daga sefa 30,047 zuwa jika 42 a farkon 2024.

An daidaita a kan albashin wata biyun, da kuɗin wa'adin sanarwa, da takardar shaidar aiki. Ni na so ta wuce kotu ta nemi diyyar korar da aka yi mata ba dalili, don a ganina tana da gaskiya. Ta ƙi. Ta ce Maraɗi ƙaramin gari ne ga mai neman aikin koyarwa, masu makarantu duk sun san juna, mahaifiyarta kuma ta gaji da masu zuwa ba da baki. Ban ji daɗi ba, amma ba ni ne zan nemi aiki a watan Oktoba ba.

An biya ta kashi biyu, na ƙarshe a watan Satumba. Yanzu tana karantarwa a wata lakwal. Ranar da za ta fara ta nemi a rubuta mata kwantiragi, darakta ya dube ta ya tambaya wa ya koya mata wannan. Maganar CNSS ta shekaru ukun baya kuwa har yau tana nan ba a gama ba.