Dariyar Zaure da Dariyar Dandali

Sana'ata ba ta da suna ɗaya. A katin biki ana rubuta ni MC, tsofaffi su ce ɗan kama, mahaifiyata kuwa har ta koma ga Allah "mai surutu" take ce mini. A Birnin Kebbi nake cin abinci da bakina, amma a Argungu na koyi aikin, a zauren kakana, Basarke da bai taɓa riƙe makirufo ba.

Bayan sallar isha masunta kan taru a zauren nan suna ɗinkin koma, hira na zagayawa. Tun ina yaro na lura da wani abu. Wanda ya ba da labarin ƙaton giwan ruwa da ya kama, "madalla" kawai yake samu. Wanda ya faɗi yadda gora ta kuɓuce masa a Matan Fada, ruwa ya tafi da wandonsa, ya fito ya tarar da surukinsa tsaye a bakin gaɓa, shi ke da daren. Kakana ya kan ce, "Yaro, in kana son mutane su buɗe baki, kai za ka fara buɗe cikinka."

Sai dai wannan a zaure ne. A bainar jama'a dariyar Bahaushe kan wani take sauka, kuma da izini. Ɗan kama ya naɗa rawani ya kwaikwayi mai wa'azi, ya juya karatun duk ya koma kan tuwo da miya. Wawan sarki ya faɗa wa fada abin da waziri ba zai iya faɗi ba. 'Yan tashe su tasa gwauro a gaba da zarar azumi ya kwana goma. Taubashi ya yi wa taubashi tsiya, Bagobiri da Bayarabe, Bafillace da Babarbare, mu kuma masunta abokan wasanmu mahauta. Kowace tsokana da mai ita, ba a ƙetare iyaka. Har wani Bature, Gidley, ya yi rubutu a kan 'yankamanci a 1967, ya kira shi sana'a, kuma gaskiya ya faɗa. Amma ɗan kama ba ya ba da labarin gidansu. Rigar wani yake sawa.

Babban dandalinmu bikin kamun kifi ne, wanda ya samo asali daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama a 1934, bayan doguwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. Inda aka tara dubban mutane, makaɗa da maroƙa da 'yan gambara ba sa jiran gayyata. A irin wannan fili murya ake buƙata da ganga. Wanda na ga ya fi kusa da haɗa fili da zaure shi ne marigayi Gambu mai waƙar ɓarayi, ɗan jihar nan. Rabin daɗin wasansa zance ne: ya dakatar da kiɗa ya shiga ba da labari kamar da kai kaɗai yake magana.

Rediyo da talabijin suka zo da nasu. Usman Baba Pategi, tsohon soja, ya zama Samanja. Kasimu Yero ya yi Karambana. Daga baya Rabilu Musa ya zama Ibro, ya riƙe kasuwar kaset har rasuwarsa a Disambar 2014. Gwanaye ne, mun sha kwaikwayonsu a makaranta. Su ma dai sunan aro suka ɗauka. Jama'a sun san Samanja, ba su san abin da ke hana Usman barci ba.

Mu namu zamanin ya fara ne bayan an ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991. Birnin Kebbi ta cika da ma'aikata, aka gina ɗakunan taro, biki ya samu dina, dina ta nemi mai riƙe makirufo. A Legas kuwa su Ali Baba sun mai da tsayuwa a ba da dariya sana'ar kuɗi, Opa Williams ya fara taronsa na masu barkwanci a 1995, faya-fayansu suka iso mana. Muka ɗebo salonsu muka juye a kan mutanenmu. Bai zauna ba. Ka tsokani alhaji a gaban matansa da salon Legas, ka ga yadda ɗaki ke yin tsit.

Daren da na gane hanya, walimar wani abokina ce, mutanen ba su fi arba'in ba. Wuta ta ɗauke, janareto ya ƙi tashi, barkwancin da na haddace duk ya gudu. Sai na ja kujera na zauna, na ba su labarin ranar da na je gaishe da iyayen yarinyar da nake nema, da aron babbar riga da aron takalmi, mai takalmin kuma ya biyo ni har zauren yana sallama don zai tafi ɗaurin aure. Aka yi dariya har da hawaye. Da aka natsa na ƙara musu abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: auren bai yiwu ba, kuma talaucina ne sanadi. Ɗakin ya yi shiru, amma ba irin shirun alhaji ba. Wani dattijo daga baya ya ce, "Ɗana, wanga labari nau ne, riga kaɗai ta bambanta." Daga nan mutum huɗu suka karɓe hirar.

Aikin yana da ƙa'ida, kunya ce ta shata ta. Kana iya tona kanka, ba ka da ikon tona mahaifinka ko matarka. Ba a kama sunan ɗan fari don neman tafi. Bashin da ka ci naka ne ka faɗa, wanda ya ba ka bashin a bar shi a rufe. Ɗakin kuma kada ya yi girma. Da zarar mutane sun wuce yadda za ka ga idon kowa, labari ya koma shela.

Wani yaro da nake koya wa aiki ya nuna mini a waya cewa a Amurka akwai ƙungiya mai suna The Moth, wadda wani marubuci ya kafa a New York a 1997 don kewar hirar dare ta garinsu a Jojiya. Mutum ya tsaya ba takarda ya ba da labarin kansa, a sayi tikiti a saurara. Na ce masa ai zauren kakana ne aka sa wa mai karɓar kuɗi a ƙofa.

Wayar nan ita ce damuwata yanzu. Abin da aka faɗa a zaure da, a zaure yake kwana. Yau kafin ka kai gida yana TikTok, surukarka ta gani a Jega. Shi ya sa in zan yi irin wannan zama nake aje ƙwarya a bakin ƙofa, kowa ya zuba wayarsa kamar yadda ake tuɓe takalmi. Matasa kan yi gunaguni. Dattijai kuwa su ke fara sakawa, su ke kuma ƙin tashi in an ce dare ya yi.