Igwogin Dakar Da Suka Rufe Wa Kakana Hanya

Yau tarihi zan ɗan taɓo mana, kuma dalilinsa wata magana ce ta kakana, Allah ya ji ƙansa. Ni a Agege aka haife ni, a cikin huhunan goro na tashi, amma asalinmu mutanen wajen Maraɗi ne. Duk lokacin da aka yi zancen rufe iyaka sai ya ce, ai wannan ba sabon abu ba ne, tun yana yaro a zamanin yaƙin Hitila suka ga haka. Da na bi diddigi sai na tarar wai wasu igwogi ne a bakin teku, can Dakar ta ƙasar Senegal, suke da hannu a ciki.

A watan Yuni na 1940 Jamus ta ci Faransa da yaƙi, sai Faransawa suka rabu biyu. Akwai gwamnatin Vichy da ta yi sulhu da Jamus, akwai kuma Janar de Gaulle da ya tafi Landan ya ce ba a gama ba. A watan Agusta Chadi da Kamaru suka bi de Gaulle. Amma Dakar ita ce hedkwatar duk ƙasashen Faransa na Afirka ta Yamma, har da Nijar da Dahomey, wato Jamhuriyar Benin ta yau, kuma babban gwamnanta Pierre Boisson yana bayan Vichy.

Faransawa sun daɗe da kafa manyan igwogi don tsaron tashar jiragen ruwan garin. Wasu a tsibirin Gorée, kan tudun da ake kira Castel, wasu a Cap Manuel. Manyansu faɗin bakinsu milimita 240 ne, ka ga kenan kan mutum zai iya shiga. Ga kuma katafaren jirgin yaƙi Richelieu a cikin tashar, wanda Ingila ta riga ta yi wa rauni a watan Yuli, amma bindigoginsa na aiki.

Ranar 23 ga Satumba 1940 de Gaulle ya iso da rundunar jiragen ruwan Ingila, cikinsu har da Barham da Resolution da mai ɗaukar jiragen sama Ark Royal. Tunaninsa shi ne da mutanen gari sun ga wannan gayya za su sallama ba tare da an zubar da jini ba. Sai Allah ya saukar da hazo a safiyar, babu wanda ya ga gayyar. Wakilan da ya tura cikin ƙaramin jirgi da farar tuta aka buɗe musu wuta, shugabansu d'Argenlieu ya ji rauni. Igwogin bakin teku suka sami jirgin Cumberland, dole ya janye. Ƙoƙarin sauke sojoji a Rufisque shi ma bai yi nasara ba.

Kwana uku ana ɓarin wuta, harsasai na faɗawa cikin gari kan talakawan da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Ranar 25 ga wata wani jirgin ƙarƙashin ruwa mai suna Bévéziers ya harbi Resolution, sai da Barham ya ja shi zuwa Freetown ta Saliyo. Daga nan aka janye.

To ina ruwan Bahaushe? Da Dakar ta faɗi a ranar, da Nijar da Dahomey sun koma ɓangare ɗaya da Nijeriya. Da ba ta faɗi ba, sai iyakar Katsina da Maraɗi ta zama iyakar abokan gaba, haka ma ta nan kusa da mu wajen Badagry. Kakana ya ce mahaifinsa da jakuna yake bi ta daji cikin dare, ɗan uwanka na tsallake amma ganinsa sai da dabara. Haka aka zauna har Nuwamba 1942, bayan sojojin Amurka da Ingila sun sauka a Maroko da Aljeriya, sannan Boisson ya sauya sheƙa.

Igwogin Castel suna nan sun yi tsatsa, masu yawon buɗe ido na ɗaukar hoto a jikinsu, tunda UNESCO ta sa Gorée cikin wuraren tarihi na duniya a 1978. Ni kuwa na tuna da su a 2019 da aka rufe iyakokinmu, na sake tunawa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, lokacin da goron Baba ya lalace a hanya, bashi ya hau kansa. Manya ne ke rigimarsu a nesa, ɗan kasuwa ne ke biya.

Wanda kakansa ya ba shi labarin wancan zamani, don Allah ya rubuto mana kafin ya ɓace. Allah ya ji ƙan magabatanmu, ya buɗa mana hanyoyin nema, amin.