Daga Daɓe Zuwa Leda: Tarihin Gyaran Ɗakin Sallah a Ƙasar Tsafe da Gusau

Gyaran ɗaki kafin Sallah tsohuwar al'ada ce a Kucheri da Tsafe da Bungudu da Gusau, kamar sauran ƙasar Hausa, kuma tun asali aikin mata ne. Na maigida shi ne yaɓen katanga da gyaran zaure da jinka. Abin da ke bayan asabari kuwa na uwarɗaki ne, don a nan ake sauke 'yan yawon Sallah, a nan kuma dangin miji ke auna irin riƙon da take yi wa gida.

Kafin zuwan siminti, babban aikin shi ne daɓe. Akan zuba tsakuwa da jar ƙasa a baje, a yayyafa ruwa, maƙwabta mata su jeru a durƙushe kowace da maɗabinta, suna bugu tare suna waƙa. Waƙar ce ke daidaita hannu, shi ya sa ƙasar ke kwanciya bai ɗaya. In ta daku sai a zuba ruwan makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka jiƙa har ya yi ja, a sake bi da maɗabi. Daɓen da ya sha makuba yakan yi tauri da sheƙi, ya daɗe bai tashi ba. Ba a biyan lada, fura ko kunu kawai mai ɗaki ke damawa, gobe ita ma ta je na wata.

Sai dai daɓe yana son rani, Sallah kuwa zagaya shekara take yi. In ta faɗo da damina, ƙaramin gyara ake yi: a share yana da kunkunniya, a shafe bango da farar ƙasa, a bi gindinsa da ja, a fito da sabuwar tabarma. Wannan aikin na kwana biyu ko uku kafin jajibere shi ne ainihin gyaran Sallah.

Idon baƙo kuwa kan jere yake fara sauka. A da, ƙore ne masu zane da akussa da faya-fayai, sai tasoshin tagulla ga mai hali, an ɗora su bisa juna daga babba zuwa ƙarami. Dukiyar mace ce ta kanta, wadda iyayenta suka tara mata tun tana yarinya, in ta matsu ta ɗauki ɗaya ta sayar. Saboda haka sauke jere gab da Sallah, a goge tasa da toka da tsamiya, a mayar da komai muhallinsa, ya wuce tsafta kawai: nuna gatan da take da shi ne a gidan ubanta.

Jirgin ƙasa ne ya sauya kayan. Da layin dogo daga Zariya ya iso Gusau ya zarce Ƙauran Namoda a 1929, Gusau, garin da Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa, ta zama cibiyar awon gyaɗa da auduga, kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna. Kuɗin kaka suka fara komawa kan kwanukan langa masu furanni, na ƙasashen Turai da na Asiya, kafin a soma ƙera su a Najeriya. Ƙauyukan da ke bakin hanyar Funtuwa zuwa Gusau, irin su Kucheri, ba su daɗe ba kayan suka same su. Fanteka da kwalla da samira suka ture ƙwarya, gadon ƙarfe mai rumfa ya maye gurbin na kara da na ƙasa, labulen yadi ya kori asabari. Daga baya kabad mai gilashi ya zo, tangaran suka shige ciki.

Siminti da leda su suka kashe daɓe a gari. Bayan ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, Gusau ta cika da ma'aikata da sababbin unguwanni, falo ya karɓe baƙi daga ɗakin mace. Gyaran Sallah ya koma na kasuwa: galan ɗin fenti, sabuwar leda ko kafet, rigunan kujeru, zanen gado, turaren wuta. An samu sauƙi, babu musu, amma aikin da mata goma ke yi da hannu ya zama nauyin aljihun mutum ɗaya, kuma wannan rashi ne na gaske ga zumuncin maƙwabta.

Rashin tsaron da ya addabi Zamfara a shekarun nan ya ƙara nasa. Iyalai da yawa sun baro ƙauyukansu zuwa Tsafe da Gusau, suna zaman haya a ɗaki guda, wasu ma jeren ya salwanta a gudun hijira. A irin waɗannan ɗakuna gyaran bai wuce wankin labule da sauya leda ba. Daɓe ya rage a ƙauyukan da har yanzu ake ginin ƙasa, waƙoƙinsa kuwa an fi jin labarinsu a darasin adabin baka na makaranta fiye da a tsakar gida.