Matan da suka tuƙa jiragen yaƙin Amurka, aka hana su sunan soja

A shekarar 1942 masana'antun Amurka suna ta fitar da jiragen yaƙi ba dare ba rana, amma matuƙa sun yi ƙaranci, domin ana ta kwashe mazan zuwa fagen daga a Turai da tekun Pasifik. Jirgi kuwa ba ya kai kansa daga masana'anta zuwa sansanin soja. A nan ne aka tuna da mata.

Ƙwararrun matuƙa biyu ne suka shige gaba, Nancy Love da Jacqueline Cochran, kowacce da tata tawaga. A watan Agustan 1943 aka haɗe tawagogin ƙarƙashin suna guda, WASP, Cochran ta zama shugaba. Mata wajen 25,000 ne suka nemi shiga, aka ɗauki 1,830, guda 1,074 suka kammala horo, akasarinsu a filin Avenger da ke garin Sweetwater a jihar Texas. Ƙofar ma ba ga kowace mace aka buɗe ta ba. Mildred Carter, baƙar fata mai lasisin tuƙin jirgi, ta nema aka mayar da ita saboda launin fatarta.

Aikin da aka ba su ba na ado ba ne. Sun kai sababbin jirage sansanoni daban-daban, sun gwada waɗanda aka gyara kafin a miƙa wa maza, tafiyar da suka yi a sama ta haura mil miliyan 60. Mafi haɗari shi ne jan abin bara: a ɗaura wani dogon ƙyalle a bayan jirgi, mace na tuƙi, sababbin sojoji a ƙasa suna koyon harbi da harsashi na gaske. Wanda yake koyo kuwa, ai ba kullum hannunsa ke daidai ba.

Akwai labarin jirgin B-29. Injinsa ya yi ƙaurin suna wajen kamawa da wuta, har maza matuƙa suka riƙa noƙewa. Sai Paul Tibbets, wanda daga baya ya jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima, ya koya wa Dora Dougherty da Dorothea Moorman tuƙa shi a 1944, suka riƙa sauka da shi a gaban mazan. Dabarar ta ci, amma a duba abin da ke ƙarƙashinta: an yi amfani da ƙwarewarsu ne don a kunyata maza, wato idan har mace ta iya, kai me ya hana ka?

Duk da rigar aiki da fareti da bin umarnin hafsoshi, a takarda ma'aikatan farar hula ne. Mata 38 suka rasu a bakin aiki, cikinsu har da Cornelia Fort a watan Maris na 1943. Rundunar soja ba ta ɗauki nauyin jana'izarsu ba, ba ta kuma yi musu karramawar da ake yi wa soja ba. Sau da yawa abokan aiki ne ke karo-karo a tura gawa ga iyayenta.

A 1944 Janar Henry Arnold, shugaban mayaƙan sama, ya goyi bayan ƙudurin mayar da su cikakkun sojoji. Sai dai a lokacin an fara rufe makarantun horar da matuƙa, malamansu maza kuma suna tsoron a tura su sojan ƙasa. Suka yi ca a kan 'yan majalisa da jaridu cewa mata sun tare musu gurbi. A watan Yuni Majalisar Wakilai ta yi watsi da ƙudurin da ƙuri'a 188 a kan 169. A ganina ba shakkar iyawarsu ce ta kayar da shi ba, rigimar abinci ce kawai. Ranar 20 ga Disamba aka rushe WASP, aka kulle takardunsu fiye da shekara 30.

Abin da ya tayar da maganar shi ne, a tsakiyar shekarun 1970 aka fara horar da sababbin mata matuƙa, ana ta yayata cewa su ne na farko. Tsofaffin matan WASP suka ce ba su yarda ba. Sanata Barry Goldwater, wanda shi ma ya yi aikin kai jirage a lokacin yaƙin, ya tsaya musu, Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta ba su matsayin tsofaffin sojoji a 1977. Izinin mace ta tuƙa jirgi zuwa fagen fama kuwa sai a 1993. Lambar zinariya ta Majalisa ta zo hannunsu a watan Maris na 2010, bayan mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya.

Ko a nan ba a gama da su ba. Da Elaine Harmon ta rasu a 2015, aka ce wa iyalanta ba ta da gurbi a maƙabartar sojoji ta Arlington. Sai da jikarta ta kai kuka Majalisa, aka yi sabuwar doka a watan Mayun 2016, sannan aka karɓe ta a watan Satumba na wannan shekarar.