Karnukan da ake kiwo don gashinsu

Idan kana ajiye kare ko mage, ka san yadda gashi ke zuba a tabarma da kujera. Karnuka da dama suna da gashi hawa biyu: na sama mai kauri da ke tare ruwa, da na ƙasa mai laushi da ke riƙe ɗumi. Na ƙasan ne ya fi zuba idan lokacin zafi ya kusanto. In ba a taje shi ba sai ya cukurkuɗe, ya tara danshi da datti, fata ta fara ƙaiƙayi har ta yi gyambo. Kai dai shara kake kai shi. Amma akwai al'ummar da wannan gashin ya kasance dukiyarta.

Su ne mutanen Salish na gaɓar tekun Pasifik, inda yanzu jihar Washington ta Amurka da lardin British Columbia na Kanada suke. Matansu na kiwon wasu ƙananan karnuka, galibi farare, masu gashin ƙasa mai yawan gaske. Suna killace su a tsibirai ko garke don kada su yi barbara da karnukan farauta, gashin ya lalace. Abincinsu kuwa kifi ne. Da bazara a aske su, a kaɗa gashin ya zama zare, sau da yawa a gauraya shi da na akuyar dutse, a saƙa bargo. Bargon ba na rufa kawai ba ne, kayan daraja ne na bukukuwa. A 1792 matuƙin jirgin ruwan Ingila, George Vancouver, ya ga karnukan an aske su ƙwal kamar tumakin ƙasarsu.

To, ina suka shiga? An daɗe ana cewa barguna masu arha na kamfanin Hudson's Bay ne suka kashe sana'ar, mata suka daina kiwo. Wannan bayani ya yi sauƙi da yawa. Annobar agana ta hallaka ɗimbin mutanen Salish, an raba su da ƙasarsu, gwamnatin mulkin mallaka ta hana bukukuwansu. Wanda aka kora daga gidansa, ta yaya zai killace garken karnuka?

Fatar ɗaya daga cikinsu ta tsira. Sunansa Mutton, karen wani masani ne, George Gibbs. Ya mutu a 1859, aka kai fatarsa gidan adana kayan tarihi na Smithsonian. A Disambar 2023 mujallar Science ta buga binciken ƙwayoyin halittarsa, wanda aka yi tare da dattawa da masaƙan Salish. An gano cewa zuriyarsa ta rabu da sauran karnuka tun kusan shekara 5,000, kuma kusan kashi 85 cikin 100 na asalinsa na karnukan da ke nahiyar ne kafin zuwan Turawa. Wato shekaru da dama bayan isowar baƙi da karnukansu, matan nan suna nan suna tsare irin.